Karatun Kwamfuta Kyauta Ne, To Wa Zai Biya Kuɗin Caji?

Jawabin da ma'aikatanmu masu kula da sha'anin matasa suka gabatar a gaban dattawa, iyaye mata da matasa na ikilisiyoyin ƙauyukan ƙasar Daura. Mun buga shi a nan domin 'yan'uwan da ba su sami zuwa ba.

Mun san wasunku sun taso tun da asuba daga wajen Ɓaure da Zango, wasu daga Sandamu da Mai'aduwa, sun bar aiki a gida domin su zauna tare da mu. Mun gode ƙwarai.

Abin da ya jawo wannan magana tambaya ce da wata uwa ta yi mana a lokacin da muke zagayen duba rumbunan tsimi. Ɗanta ya gama sakandare, bai sami shiga babbar makaranta ba, yana zaune a gida. Dare da rana waya tana hannunsa. In ta yi magana sai ya ce mata karatun kwamfuta yake yi, kuma wai kyauta ne. Amma kowane mako sai ya roƙe ta kuɗin data da na caji. Ita kuwa ba ta iya karatun boko ba, balle ta duba abin da ke cikin wayar. Ta ce mu gaya mata gaskiya: akwai irin wannan karatu, ko yaron yana cin kuɗinta ne kawai?

Ba mu iya ba ta amsa a kan ɗanta a ranar ba. Amma amsar tambayar farko mun san ta. Akwai wannan karatu, mai kyau ne, manyan jami'o'in duniya ne suka saka shi a intanet, kuma ba sa karɓar ko sisi. Sai dai hanyar da yaron ƙauye zai bi ya kai gare shi tana cin kuɗi, tana cin lokaci, kuma yawancin waɗanda suka kama ta su kaɗai ba sa kaiwa ƙarshe. A kan wannan ne muke so mu yi shawara da ku yau.

Me ya sa abin ya shafe mu

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Yaron da ya yi karatu sosai amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, zai shiga ɗakin jarrabawa hannunsa yana rawa, lokaci yana tafiya. Mun ga yaran da suka san amsa amma injin ya ba su tsoro. Ga shi kuwa makarantu sun zo har ƙofar gidanmu. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura a 2019, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ƙofar shiga dukansu ta JAMB ce. Zai zama abin baƙin ciki yaran wasu jihohi su cika azuzuwan, namu suna sayar musu da ruwa a bakin ƙofa.

Wannan dalili na farko ke nan, kuma shi ne mafi sauƙi. Mako kaɗan ya isa yaro ya saba da madannai da linzami. Abin da muke magana a kai ya wuce nan.

Iya amfani da kwamfuta dabam, ilimin kwamfuta dabam

Mai tuƙa babur ya iya babur. Bakanike ya san abin da ke cikinsa. Haka yake da kwamfuta. Mai buga takardu a shago ya iya amfani da ita. Amma akwai wanda yake rubuta umarnin da injin yake bi, wato manhaja. Manhajar da ke cikin na'urar POS ta ɗan kasuwa, da wadda take aika kuɗi daga waya zuwa waya, mutane ne suka zauna suka rubuta su. Ilimin da suka koya shi ake kira kimiyyar kwamfuta, kuma tushensa tunani ne a tsare, mataki bayan mataki.

Bari mu gwada a nan inda muke zaune, ba tare da wani inji ba. A ce mai kula da rumbun tsimi yana da littafi mai sunaye 1,000, an jera su bi da bi daga A zuwa Z. Ana neman sunan mutum ɗaya. In ya fara daga shafin farko yana bi ɗaya bayan ɗaya, ran da aka yi rashin sa'a sai ya karanta sunaye 1,000 kafin ya samu. To a ce ya buɗe tsakiyar littafin. Ya duba: sunan da ake nema yana gaba ne ko baya? In yana gaba, ya manta da rabin baya gaba ɗaya. Saura 500. Ya sake buɗe tsakiyar abin da ya rage. Saura 250, sai 125, haka haka. Ba zai wuce dubawa 10 ba ya kai kan sunan. Ko da sunayen miliyan ɗaya ne, dubawa 20 ta isa. Littafin bai canja ba, mutumin bai ƙara sauri ba, dabara ce ta canja. Irin wannan tsararriyar dabara ita ce masana suke kira algoridim, sunan da ya samo asali daga wani masanin lissafi, al-Khwarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Ga wata kuma da yara za su so. Ku yanka kwali biyar. A na farko ku ɗiga ɗigo 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, na biyar 16. Kowane kwali ko dai a buɗe yake ko a kife. Da su za ku iya nuna kowace lamba daga sifili har 31. In ana son 13, a buɗe na 8 da na 4 da na 1, a kife sauran. Haka kwamfuta take ƙirga a cikinta: wuta a kunne ko a kashe, ba na uku. Hotuna da murya da saƙonnin da ke cikin wayoyinku duka da wannan ƙirga aka ajiye su. Wannan wasa ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Yana cikin darussan da wani malami a ƙasar New Zealand, Tim Bell, da abokan aikinsa suka shirya domin koyar da wannan ilimi ba tare da kwamfuta ba. Sunan darussan CS Unplugged, kuma kyauta ake sauke su.

Kada wani ya ce irin wannan tunani na Turawa ne. A shekarar 1732 wani malami ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi cikin gidaje murabba'i ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimilla iri ɗaya. Ya bayyana ƙa'idar mataki mataki, yadda duk wanda ya bi ta zai kai ga amsa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, masana tarihin lissafi har yau suna ambatonsa. Matasa, ga aikin gida: ku zana gida tara a ƙasa, uku uku, ku jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15.

Ina darussan suke

Suna da yawa har suna rikita mutum. Wannan ma wani tarko ne: yaro ya fara wannan yau, gobe ya ji an yabi wancan ya koma, shekara ta ƙare bai gama ko ɗaya ba. Saboda haka kaɗan za mu ambata.

Wanda muka fi amincewa da shi domin tushe shi ne CS50, darasin farko na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka. Malaminsa David Malan. Tun 2012 aka buɗe shi ga kowa a intanet. Laccocin da ɗaliban jami'ar suke zama su ji, su ne ake ɗauka a bidiyo a saka. A laccar farko ma malamin yakan ɗauki littafin lambobin waya ya yaga shi biyu, ya sake yagawa, domin ya nuna dabarar neman suna da muka gwada ɗazu. Ana farawa da Scratch, inda ake haɗa umarni kamar jera bulo, sai yaren C, sai Python, sai SQL na ajiye bayanai, sai yadda ake gina shafin intanet. Kowane mako akwai aikin gida. Wanda ya ci kashi 70 cikin 100 a ayyukan, ya kuma yi aikin ƙarshe na kansa, za a ba shi takardar shaida ta CS50 kyauta. Akwai wata takardar ta kuɗi da ake tallatawa a dandalin edX. Darasin ɗaya ne, ba dole ba ne a saye ta.

Mu faɗa muku gaskiya, CS50 yana da wuya. Makon da aka shiga yaren C ne yawanci suke gudu. Laccocin dogaye ne, wasu sun wuce awa biyu, malamin yana da saurin magana. Wurin da aka tanada domin rubuta aikin gida da miƙa shi kuma yana bukatar intanet.

Na biyu shi ne freeCodeCamp, wanda wani tsohon malamin makaranta, Quincy Larson, ya kafa a 2014. Shi kansa sai da ya girma ya koyi rubuta manhaja. Yawancin darussansa rubutu ne: ka karanta ɗan bayani, ka rubuta amsa, nan take a nuna maka ko ka yi daidai. Rubutu ba ya cin data kamar bidiyo, shi ya sa ya fi dacewa da aljihunmu. Takardunsa na shaida kyauta ne.

Wanda lissafinsa ya yi rauni, kuma yawancin yaranmu haka suke ba laifinsu ba, ya je Khan Academy ya koma baya har inda ya gane, ko da lissafin firamare ne. Ba abin kunya ba ne, ba wanda yake kallonsa. Wanda ya yi nisa kuma, jami'ar MIT ta fara zuba darussanta a intanet kyauta tun 2002. A nan gida akwai Arewa Data Science Academy, wadda malaman jami'a 'yan Arewa suka kafa suna horar da matasa kyauta ta intanet. Gwamnatin Tarayya ma ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 domin horar da matasa miliyan uku a fasahar zamani. Irin waɗannan sukan buɗe rajista lokaci lokaci, sai a riƙa sa kunne.

Kusan dukansu da Turanci ne. Ba za mu ɓoye wannan ba. A kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, a rage saurin maganar, a ajiye ƙamus kusa. Yaron da ya daure wata uku a haka, Turancinsa ma zai gyaru, wannan riba ce ta biyu.

Abin da ba kyauta ba

Yanzu mun zo kan tambayar uwar nan. Darasi kyauta ne. Data ba kyauta ba ce, kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Caji ba kyauta ba ne, ƙauyen da ba wuta sai an kai wa mai janareto ko mai sola. Akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko an matsa bakin titi kafin a sami sabis mai ɗaukar bidiyo. A ƙauyukan bakin iyaka wani lokaci wayar sai ta kama sabis na Nijar.

Sai inji. Ana iya farawa da wayar Android. Akwai manhaja mai suna Pydroid da ake rubuta Python a cikinta, in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Amma rubuta dogon aiki da babban yatsa a kan ƙaramin gilashi wahala ce, ba da daɗewa ba za a bukaci kwamfuta mai madannai. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu, irin wadda ake samu a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a Kano, ta isa wannan karatu, muddin an tafi da wanda ya san kan abin ya gwada batir da madannai kafin a biya.

Abu mafi tsada kuwa lokaci ne. Da damina ba wanda zai bar gona. Lokacin karatu shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma shi ne daidai lokacin da samarinmu suke tafiya cin rani Kano, Abuja ko Legas. Saurayin da ya zauna domin karatu ya bar kuɗin da zai kawo gida na taki da na sutura. Iyaye, wannan asara ce ta gaske, ku ne za ku ɗauke ta, shi ya sa ba ma so a yanke shawarar a bayan idonku.

Kuskuren da muka yi

Mu ma mun taɓa tuntuɓe a wannan hanya. An taɓa ba mu kyautar kwamfutoci na tebur, muka kai su wani ƙauye da murna, aka yi taro aka ɗauki hoto. Muka sa su a ɗaki, muka ba dattijo ɗaya makulli. Shi kuma saboda tsoron kada yara su ɓata kayan mutane, sai ya riƙa buɗewa kawai ran da ya ji baƙi za su zo. Ba mu yi tanadin man janareto ba. Ba mu bar kowa da zai nuna wa yara inda za su fara ba. Da muka koma bayan hunturu, ƙura ta cika su, ɓera ya ci waya, ba yaro ɗaya da ya koyi komi. Laifin ba na dattijon ba ne, amana ya riƙe yadda ya fahimce ta. Mu ne muka ɗauka inji shi ne makaranta.

Akwai wani kuskuren da ya yi kama da wannan, wato a ɗauka intanet ita ce makaranta. Masu bincike a jami'ar MIT sun duba miliyoyin mutanen da suka yi rajistar darussan Harvard da MIT na kyauta, suka buga sakamakon a 2019. A shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kusan mutum 3 ne cikin 100 suka kai ƙarshen darasin da suka shiga. Da yawa daga cikin waɗannan mutane suna da wuta dare da rana, suna da kwamfuta, Turanci yarensu ne. To ina ga yaron da yake zaune shi kaɗai a zaure, cajinsa saura kaɗan, manhajarsa ta ƙi aiki saboda ya manta da waƙafi ɗaya, ba kuma wanda zai tambaya? Kwana uku a haka sai ya koma kallon ƙwallo. Ba ragwanci ba ne. Kaɗaici ne.

Yadda iyayenmu suka koyi karatu

Dattawan da ke nan za su tuna. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, manya masu iyali suka koyi karatu da rubutu bayan sun taso daga gona. A ƙauyukanmu kuma ajin yamma na majami'a ya daɗe yana wannan aiki. Fitila ɗaya, allo ɗaya, littafi ɗaya yana zagaya hannu goma. Malamin sau da yawa bai fi ɗalibansa da komi ba sai 'yan shafuka. Abin da ya riƙe su shi ne an san ranar haɗuwa, an san wanda bai zo ba, gobe za a bi shi gida a tambaye shi lafiya. Da yawa daga cikin fastoci, malaman makaranta da ma'aikatan asibitin da muke alfahari da su, 'ya'yan waɗannan azuzuwa ne.

Abin da muke roƙo shi ne a farfaɗo da wannan aji, a canja littafin kawai.

Mutum biyar zuwa takwas sun isa. In sun fi haka, kwamfuta ɗaya ba za ta zagaya ba. Su zaɓi darasi ɗaya, su yi alkawari ba za su taɓa wani ba sai sun gama shi. Su haɗu sau uku a mako a wurin da kowa yake gani, ɗakin majami'a ko ajin firamare, da rana ko da yamma kafin duhu. Kuɗin data a tara shi kamar adashi. Mutum ɗaya ya tafi inda sabis yake da ƙarfi, ran kasuwa ko in ya shiga Daura, ya sauke laccar makon sau ɗaya, ya rage ingancin hoton domin kada ta ci data da yawa, ya zo ya tura wa sauran waya zuwa waya. Kamfanoni sukan sayar da datar dare da araha, ita ma a yi amfani da ita. Wannan rabawa ba sata ba ce: Harvard da MIT sun ba da izini a kwafi darussan a raba, muddin ba sayarwa za a yi ba.

Ga ƙauyen da sabis bai kai ba sam, akwai manhaja mai suna Kolibri, an yi ta musamman domin irin wurarenmu. Ana saka ta a kwamfuta ɗaya, a cika ta da darussa a gari, a dawo da ita ƙauye. Wayoyin da ke kusa za su iya shiga su yi karatu daga cikinta ba tare da intanet ba. Wata mai suna Kiwix kuma tana ɗauke da Wikipedia a cikin memori, a karanta ba data.

Kwamfutar ta kwana a hannun mutumin da aka zaɓa, amma a rubuta ranakun fitowarta, kada mu maimaita labarin makulli. A ɗinka mata riga saboda ƙura, kada a bar ta a rana ko a kan katifa tana aiki, zafin bazara yana kashe batir. Ƙaramin faifan sola da batir ɗaya sun isa su riƙe ta da 'yan wayoyi.

A cikin aji, mutum biyu su zauna a inji ɗaya, ɗaya yana bugawa ɗaya yana dubawa, bayan ɗan lokaci su canja. Sauran su rubuta nasu a takarda kafin layi ya zo kansu. Rubutawa a takarda ba koma baya ba ne, yana tilasta wa mutum ya yi tunani kafin ya taɓa madannai. In aiki ya ƙi, mai shi ya tashi ya bayyana wa sauran da Hausa, layi layi, abin da yake so injin ya yi. Sau da yawa kafin ya gama bayani ya ga kuskurensa da kansa. Masu wannan sana'a sun san haka, har wasunsu sukan ajiye 'yar agwagwar roba a kan tebur suna yi mata bayani. Mu da muke da mutane ba ma bukatar agwagwa.

Kada kuma karatun ya tsaya a kan misalan Amurka. Da zarar an iya ɗan Python, a ɗauko littafin rumbun tsimi na ƙauye. A rubuta manhajar da za ta riƙe wa ya ari tiya nawa ta gero a watan Yuli, nawa ya mayar da kaka, nawa ya rage a rumbu. Ko lissafin adashin Zumuntar Mata. Ran da ma'aji ta tambayi bashin wance aka danna aka ba ta amsa daidai da abin da ke littafinta, ranar ce iyaye za su ga inda kuɗin data ya tafi. Kuma ta haka uwar da ba ta iya karatu ba za ta iya auna ɗanta: ta ce ya nuna mata abin da ya gina da hannunsa, ya kuma bayyana mata da Hausa yadda yake aiki. Mai kallon bidiyo kawai ba zai iya ba.

'Yan mata

In ba a faɗa da baki ba, ajin zai cika da samari, domin su ne masu waya kuma su ne ba sa daka da ɗiban ruwa. Muna roƙo a ware wa 'yan mata gurbi tun ranar farko, a sa lokacin da ba zai ci karo da aikin gida ba, wata uwa daga Zumuntar Mata ta riƙa zama a wurin ko da saƙa take yi. Wannan aiki ba ya bukatar ƙarfin damtse, kuma mace tana iya yinsa daga ɗakinta bayan ta yi aure.

Ramukan da ke kan hanya

Wayar da take kawo darasi ita ce take kawo macuta. Da yawa a nan sun tuna MMM, wadda ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016. A 2024 kuma mun ga samari da manya suna ta danna gilashin waya dare da rana wai suna haƙar kuɗi, wata da watanni, abin da yawancinsu suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Wannan ba ilimin kwamfuta ba ne. Duk wanda ya ce a biya kuɗin rajista domin a ba da aikin intanet, ko ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, a rabu da shi.

Akwai kuma masu jan yaro mai basira su ce ya zo su koya masa yahoo. Damfara ce, sata ce, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri a kanta, hukumar EFCC kuma tana kama matasa a kai. Yaron da yake karatu a fili cikin 'yan'uwansa ya fi wuyar ja zuwa can fiye da wanda yake kulle a ɗaki.

Tun ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, akwai manhajojin da za ka tambaya su rubuta maka aikin gida cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi haka kamar wanda ya aiki wani ya ci masa tuwo ne. A tambaye su ma'anar saƙon kuskure, ko su sake bayani da Turanci mai sauƙi, amma aikin a yi shi da kai. A kuma sani sukan yi kuskure da cikakkiyar gadara.

Abin da ba mu yi alkawari ba

Ba mu ce duk wanda ya gama zai sami aiki da kamfanin waje yana karɓar dala ba. Akwai 'yan Najeriya da suka kai haka, amma bayan shekaru, kuma waɗannan sababbin manhajoji sun sa ƙananan ayyukan da masu farawa suke samu sun ƙara wuya. Takardar CS50 ba ta maye gurbin WAEC ko NECO, aikin gwamnati kuma har yanzu difloma ko digiri yake nema. Yaron da bai haɗa kiredit biyar da Turanci da lissafi ba, ya ci gaba da neman su tare da wannan karatu. Abin da muka tabbata da shi ya fi kusa: zai shiga JAMB ba tsoro, in ya sami shiga makaranta zai riga 'yan ajinsa, zai iya riƙe lissafin shago, asibiti, makaranta ko ƙungiyar manoma, zai iya gyara wa mutane matsalolin waya da kwamfuta a biya shi. Kaɗan daga ciki za su wuce nan nesa, ba mu san ko su wane ne ba sai an gwada.

Kafin mu tashi, kowace ikilisiya ta zauna a gefe ɗaya minti ashirin. Ku rubuta mana sunayen matasan da suka gama sakandare suna gida, maza da mata, da wanda yake da wayar Android a cikinsu. Ku faɗa mana inda sabis ya fi kamawa a ƙauyenku, da wanda yake da sola. Ku zaɓi dattijo ɗaya da uwa ɗaya da za su tsaya wa ajin. Kwalayen ɗigo da muka yanka suna kan tebur a bakin ƙofa, kowane ƙauye ya ɗauki biyar. Matasan da suka sami amsar gida tara su same mu a gindin bishiya bayan abinci.